Kirfar Ɗaya ga Muharram

Bari in faɗa tun yanzu, kafin wani ya ɗauki waya ya kira Malumfashi ya ce Innayatu ta shiga tsafi a garin Manzo: ni ban taɓa yarda kirfa tana kawo komai ba. Kirfa ta shayi ce, sai ko a ɗan jefa a tukunyar nama in an so ƙamshi. Amma macen da aka ce ta ɗaure kayanta ta bar garin da 'yarta take kwance, ko toka aka zuba mata a tafi aka ce ta hura, wallahi za ta hura.

Muna zaune a Harra ta Yamma, a ƙasan gidan Hajiya Ƙaltume, wata tsohuwa da kakanninta suka zo hajji a ƙafa daga ƙasar Damagaram, suka zauna ba su koma ba. Mijina Malam Abdurra'uf ya kammala digirinsa na uku a jami'a, aka yi walima, aka ci kabsa, shinkafar Larabawa, har aka bari. Kowa yana murna, ni ina banɗaki ina kuka. Iƙamarmu, wato takardar zaman ƙasa, a jikin karatunsa take rataye. Karatu ya ƙare, ita ma ta kama hanyar ƙarewa. Ya nemi koyarwa a wata makarantar hadda da za ta iya sabunta mana takarda, suka ce a jira. In ba su amsa ba, kafin Muharram ya fita muna cikin jirgi.

Shi ko a jikinsa. In an zauna alhamdu lillahi, in an tafi alhamdu lillahi, ga mahaifiyarsa can gida ta zuba ido. Malam mutumin kirki ne, ba ni da abin cewa a kansa, amma akwai ranar da haƙurinsa kan sa in ji kamar in ƙwala masa ludayi.

'Yata ta zo ne a sanyin bara waccan, ba ta kai ranar suna ba ta koma. Ita ce ta fari, kuma har yau ba a yi mata ƙani ba. Ina kwance a asibiti aka yi mata salla a Harami, maza suka shige da ita makabartar Baƙi'a. Mata ba sa shiga can, kuma ko da za mu shiga, kabarin ba suna, dutse ne kawai kusa da dutse. Malam ya ce mini tana can ta ciki, wajen da ake ajiye yara. Iyakar abin da na sani ke nan. Don haka duk Juma'a bayan asuba nakan je in tsaya a jikin katangar makabartar, in zuba wa tattabaru ido suna sauka suna tashi, in zaɓi guda in ce wannan a kanta ta sauka.

A jikin katangar nan na rene ta. Kada ku yi mini dariya. Can ta yi zama, can ta yi rarrafe, can ta fitar da haƙori na kwana ina jijjiga. Zuwa lokacin da nake ba ku labari ta fara gudu, tana da 'yar riga ruwan ƙwai da ban taɓa saya ba, kuma bakinta Larabci ne zalla irin na yaran unguwa, komai aka ce mata sai ta noƙe kafaɗa. Tana satar dabino a faranti ta ɓoye ƙwallon a bayan labule. In an buɗe manyan lemomin farfajiyar Harami da safe sai ta daga kai, ta buɗe hannuwa ita ma. Ina son ta, son da ban san inda zan ajiye shi ba. To wannan yarinyar ake cewa in bar ta in hau jirgi.

Maganar kirfa Yasmin ce ta kawo ta, jikar Hajiya, wadda take aikin tarbar alhazai a filin jirgi. Haihuwar nan ce, tana jin Hausa tas amma da Larabci take amsawa. Ni kaɗai take yi wa kara ta ɗan taɓa Hausar, ita ma kamar shinkafar da ba a tsince ba, kana ci kana cin karo da tsakuwa. Wata la'asar na hau sama shan shayi, ta ga idona ya kumbura, sai ta miƙo mini wayarta. Wata mata ce a wata ƙasa mai nisa, tana tsaye a ƙofar gidanta da jan gari a tafi. Yasmin ta bayyana mini: ranar ɗaya ga wata da safe, a zuba garin kirfa a tafin dama, a tsaya a waje ana fuskantar cikin gida, a faɗi abin da ake so, a hura ya shiga. Ba a sharewa sai washegari. Babban sharaɗin kuwa a bakin yake. Ba a cewa ina so, ba a cewa ina fata. A faɗi abin kamar an riga an same shi.

Hajiya Ƙaltume tana kishingiɗe tana jan carbi, ta yi dariya har da tari. Ta ce asarar kirfa kawai, a zamaninsu in mace tana son abu alwala take yi. Yasmin ta ce ai ba hana alwala aka yi ba. Can da muka ɗauka ta yi barci, sai tsohuwar ta buɗe ido ɗaya ta tambaya wane ɗaya ga watan ake nufi, na Turawa ko na sama. Yasmin ta yi tsuru-tsuru, ta duba waya, wayar ba ta faɗa ba. Hajiya ta ce a Madina dai wata ɗaya aka sani, wanda ake gani da ido. Haka wadda ta fi kowa raina abin ta zama ita ta sa mana rana, ɗaya ga Muharram.

Kwanakin da suka rage na yi su ina ɗaure littattafan Malam a kwalaye, don ya ce a shirya ko da za a kwance daga baya, ina kuma gyara kalmomina a baki. Abin ya fi yadda na zata wuya. Da na ce na zauna a Madina, sai harshena ya ƙara in sha Allahu da kansa, ba tare da ya nemi izinina ba. Yasmin ta ce in bar shi a zuci. Na ce mata harshen da ya yi shekara talatin yana abu ba a kwance masa shi a mako guda, kuma ni ba na son a kwance. A ƙarshe na yi sulhu da kaina. Na ce Allah nake roƙo, Shi ya san abin da ke ƙasan maganar, kirfa kuwa ƙamshi ce kawai, kamar yadda ake turara ɗaki kafin baƙo ya zo. Kalmomin da na tsayar gajeru ne: ƙafata ta kafu a Madina, takardarmu ta fito, ina nan kusa da 'yata, ba inda za ni. Ina wanki ina faɗa, ina yanka albasa ina faɗa, har suka yi santsi a bakina.

Malam ban gaya masa ba. Na san abin da zai ce, na san har muryar da zai faɗa da ita, a hankali, da murmushi, ya kwance kwalin da na sha wuya na ɗaure ya zaro littafi. Kuma zai yi gaskiya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Garin kirfar kanti ban yarda da shi ba, warin tsohon kwali yake yi, sai na sayo itacen na daka da kaina a ɗan turmi, na tankaɗe da rariyar laushi. Gidan ya ɗauki ƙamshi har cikin filo. Malam ya shigo ya shaƙa, ya ce yau shayin 'yan gayu za a sha ke nan. Na dafa masa, ya sha kofi biyu yana sa albarka.

Ranar ɗaya ga wata ya fita da sassafe, ya ce zai leƙa makarantar ya ji ko da labari. Rana ta ɗan ɗago amma zafi ya riga ya zauna, irin na Madina da kan fito daga ƙasa ya haɗu da na sama. Na ji Yasmin a saman bene tana yin nata. Ita ƙofarsu a kan matakala take, cikin gini, ba mai ganinta, sai ta saki murya da Larabci: arziki ya san ƙofarta, alheri ya shigo ya zauna, abin da take nema yana nemanta. Ta hura, ta yi atishawa, ta sauko da gudu don motar aiki tana jira. Tana wucewa ta ƙwanƙwasa mini taga.

"Abla," ta ce, wato Yaya, "daga waje zuwa ciki. Kar ki manta."

Na sa abaya, na ɗaura niƙabi, na dunƙule kirfata na fita. Sai a lokacin na tuna abin da ba wanda ya tuna a cikinmu. Ni ƙofata a kan titi take. Ga mai kanti zaune a gaban shagonsa da wasu leburori suna shan shayi, ga wani direba yana goge mota, ga ɗaliban jami'a 'yan ƙasarmu suna jiran bas, waɗanda har walimar Malam sun ci. Kuma ba a hura gari ta cikin niƙabi. Na gwada, kada ku ce ban gwada ba. Na cusa hannun ta ƙarƙashin ƙyallen na busa, ƙyallen ya kumbura kamar buhu, kirfa ta cika mini ido da hanci. To in buɗe fuskata a titi, matar Malam guda, in tsaya ina yi wa ƙofa magana ina busa jan gari? Kafin azahar labarin ya gama zaga jami'a, kafin la'asar ya sauka a Malumfashi.

Na koma ciki ina hawaye, rabi na yaji rabi na takaici. Na wanke ido, na sake ɗibar gari. Sai na ce da kaina, ƙofa ai ƙofa ce, dokin ƙofar nan ɗaya ne ko ta ina aka tsaya. Matar cikin waya ba ta san niƙabi ba, ba ta san mai kanti ba. Na laɓe a bayan ƙyaure, na buɗe shi kamar faɗin tafi, na ɗage niƙabina.

Ƙofarmu gabas take kallo. Ban taɓa lura da haka ba sai ranar. Haske ya shigo ta 'yar kafar ya sauka a tafina, garin ya yi ja kamar ƙasar garinmu bayan ruwa. Can nesa tsakanin dogayen gine-gine ana hango kan hasumiyar Harami, bayanta kuma na san abin da yake. Titin ya yi shiru, ko ni ce na daina ji, oho. Zafi yana rawa a kan baƙaƙen duwatsun da suka rage a filin da ke gefen shago, sai na ga 'yar rigar nan ruwan ƙwai a kansu. Ba takalmi a ƙafarta, kuma dutsen ba ya ƙona ta. Ta ba ni baya, tana bin wata tattabara, in ta matsa tsuntsuwar ta matsa, ita kuma tana ta ƙyalƙyala dariya. Na jira ta waiwayo. Kullum a jikin katanga takan waiwayo ta neme ni. Ranar nan ba ta waiwayo ba, wasanta kawai take yi, wasan yaron da yake ƙofar gidansu.

Na buɗe baki in faɗi kalmomina, na neme su na rasa. Kalmomin da na yi kwanaki ina gogewa, ko ɗaya ba ta zo ba. Abin da ya fito daban ne, kuma ya fito ba gargada, kamar wata ce take magana da bakina.

"Kin ƙoshi. Kin yi barci. Ba kya jin tsoro, ba kya nemana. Kina gidanku, 'yar Madina. Ki zauna lafiya."

Na hura. Garin ya fita ta kafar ƙofa ya tsaya cikin hasken, ya yi jim kamar yana shawara, sannan iskar Harra ta kwashe shi ta yi gabas da shi. Na daɗe a tsaye da tafi a buɗe. Ɗaliban sun hau bas ɗinsu, direba ya gama goge mota, a kan duwatsu kuwa ba kowa sai tattabarar.

Da yamma Yasmin ta dawo aiki ta tsaya a ƙofata. Ta ga jan gari a kan dakalin waje, ta leƙa ciki ta ga tayil fes. Ba sai na yi mata bayani ba. Ta dafe kai ta fara zuba Larabci, wai waje na hura, wai korar abin na yi maimakon in kira shi, har idonta ya kawo ruwa. Na ce ta rufe mini baki, kirfa ce ba mala'ika ba. Da faɗa na faɗa, har ta tsorata ta hau sama. Amma ni na san ba wajen da na hura ne ya dame ni ba. Abin da na faɗa ne. Sallama na yi wa 'yata, ba wanda ya sa ni.

Amsar makaranta ta zo bayan 'yan kwanaki. Sun ɗauki wani. Malam ya bari sai da na ci abinci sannan ya gaya mini, yana kallon hannuwansa, kuma a ranar na ga ashe shi ma haƙurin nasa ciwo yake yi masa. Ban yi ihu ba. Na ji haushin kirfa, na ji haushin niƙabi, na ji haushin mai kanti da bai san ya yi komai ba. Na sani sarai ba su ba ne, abin da aka rubuta ne ya zo. Sanin bai rage mini komai ba. Juma'ar ƙarshe na je jikin katanga na tsaya har rana ta kore ni.

Ranar tafiya, muna jiran motar da za ta kai mu filin jirgi, sai na ji ƙarar sanda a matakala. Hajiya Ƙaltume ce take saukowa, ita da gwiwa ta hana ta taka ƙasa tun azumi. Yasmin tana riƙe da ita, idonta a ƙasa, har yau tana ganin laifinta ne. Tsohuwar ta zauna a kan kwalin littattafai tana haki, ta ƙare wa ɗakin kallo, ba labule ba shimfiɗa. Ta ce ta ji an ce na hura waje, ita wannan bai dame ta ba, so take ta ji me na faɗa. Malam yana bakin ƙofa da akwati a hannu. Na dube shi, na ce yau dai kowa ya ji, na maimaita mata kalma bayan kalma. Malam ya ajiye akwatin.

Hajiya ta murza carbinta. Sannan ta ba mu labarin kakarta, wadda ta taso daga Damagaram da goyo. Yaron ya rasu a hanya, a wani daji bayan Abeshe, aka tona aka sa shi a gindin wata bishiya, ayari ya tashi da asuba. Matar ta iso Madina, ta yi 'ya'ya da jikoki, ta tsufa tukuf, amma har ta mutu in ta ga yaro yana wasa a farfajiyar Harami sai ta ce ina ma nata ya ƙaraso.

"Taki ta ƙaraso," in ji Hajiya. "Ke ce baƙuwa, ita 'yar gari ce. Ba mai tambayarta takarda."

Na ce na sani, Hajiya, amma ita kaɗai zan bari. Yarinya ce ƙarama, ba ta san kowa ba a wurin.

Ta miƙo hannu ta kamo nawa, hannunta busasshe mai ɗumi.

"'Yar nan, ni a garin nan aka haife ni, a Baƙi'a za a sa ni in Allah ya yarda, kuma da ganin gwiwar nan ba da nisa ba ne. Faɗa mini sunanta, in na je in neme ta."

'Yar fari ce. A garinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ko da ya yi gemu. Malam ya raɗa mata shi a kunne a asibiti, na ji, na haɗiye, tun daga ranar bai taɓa bi ta bakina ba, ko a jikin katanga, ko a cikin addu'a. Kunya ta kama ni a gaban mijina kamar sabuwar amarya. Na sunkuyar da kai. Tsohuwar ba ta saki hannuna ba.

"Hibatullah," na ce.

"Ɗaga murya, kunnen ya tsufa."

Na sake faɗa, da ƙarfi, har ɗakin da ba kaya ya amsa. Malam ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa. Hajiya ta gwada sunan a bakinta, ta gyaɗa kai, ta ce Yasmin ta ɗaga ta. A waje direba ya danna oda.

Har muka gama zuba kaya a mota ina jin ta tana hawa matakala, sanda da ƙafa, a hankali, tana maimaita sunan don kada ta manta.